Fitsarin da ke kubcewa in an yi tari: me masu bincike suka sa gaba, me suka bari a baya?

Duk wadda ta daɗe tana zuwa taron asusu ta taɓa ganin haka. An shimfiɗa tabarmi, an buɗe akwati, ana ƙirga zubi, sai wata mai barkwanci ta kawo labari, kowa ta fashe da dariya. Cikin masu dariyar akwai wadda za ta matse ƙafafu, ta ja zane, can sai ta ce bari ta leƙa tukunya. Ba tukunya ba ce. Bayan ƴan watanni sai a ga ta daina zuwa, ɗiyarta ke kawo mata zubi. In an tambaya a ce ai ciwon ƙafa ne.

Abin da ke damunta yana da suna wajen likitoci, kuma shekara da shekaru ana bincike a kansa. Fitsari ne ke kubcewa, ɗigo ko ɗan tsiyaya, duk lokacin da aka yi yunƙuri: tari, atishawa, dariya, daka, jan guga, ko ɗaga bidon ruwa a ɗora a ka. A nan za mu kira shi kubcewar fitsari ta yunƙuri.

Ba yoyon fitsari ba ne

Wannan shi ne abu na farko da ya kamata a rarrabe, don a ƙasarmu da an ce fitsari na zuba, hankalin kowa yoyon fitsari yake tafiya. Yoyon fitsari huda ce tsakanin mafitsara da gaban mace, yawanci sanadin doguwar naƙuda, kuma fitsarin na zuba dare da rana, a zaune ko a kwance. Ita kuwa kubcewar yunƙuri babu huda. A ƙasan mara akwai tsokoki da suka yi kamar shimfiɗa, su ke tallafe da mafitsara da mahaifa, sannan a bakin hanyar fitsari akwai wata tsoka mai kama da zobe da ke tsuke ta. In mace ta yi tari, ciki yana danna mafitsara. In tsokokin na da ƙarfi sai su riƙe. In sun saki, sai fitsari ya sami hanya. Da dare tana kwance babu abin da ke zuba, shi ya sa da yawa suke cewa ai ba ciwo ba ne.

Akwai kuma wani iri na uku, wanda fitsari ke matsa wa mutum farat ɗaya har ya zubo kafin a kai bayi. Wannan laifin ita mafitsarar ce da ke matsewa ba lokacinta ba, maganinsa dabam. Wasu matan suna da biyun a haɗe.

Babban abin da ke sassauta tsokokin nan shi ne ciki da haihuwa. Ƙidayar lafiya ta ƙasa ta 2012 ta nuna mace a Nijar na haihuwar ƴaƴa 7.6 a tsakaice, ta 2021 kuma ta ba da 6.2. To ki duba tsokar da ta ɗauki ciki shida ko bakwai, kuma tun kafin a yi arba'in maigidanta ta koma turmi da rijiya. Sai a ƙara da ɗaukewar al'ada, da ƙiba, da tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, da taurin bayan gida mai sa nishi kullum.

Wa ke zaɓen abin da za a bincika?

Bincike kuɗi yake ci, kuma kuɗin ba ya isar kowace tambaya. Tun da daɗewa masu zaɓen tambayar su ne malaman jami'a da kamfanonin magani. Mai ciwon ba a cika tambayarta ba. A 2004 aka kafa wata ƙungiya a Ingila mai suna James Lind Alliance don ta gyara wannan. Sunan wani likitan jirgin ruwa ne aka sa mata, wanda a 1747 ya raba matuƙa marasa lafiya gida-gida ya ba kowane gida magani dabam, har ya gano lemu ne ke warkar da ciwon da ke sa dasashinsu zubar da jini. Tsarin ƙungiyar mai sauƙi ne: a zaunar da marasa lafiya da masu jinyarsu da likitoci wuri guda, kowa ya kawo tambayar da bai sami amsarta ba, a yi ta tacewa har a tsayar da goma.

A 2008 suka yi wannan zama kan zubar fitsari. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne tambayar da ta zo ta ɗaya. Ba sabuwar ƙwaya ba ce, ba sabuwar na'ura ba ce. Cewa suka yi: motsa tsokokin ƙasan mara, sau nawa ya kamata a yi, kuma har tsawon wane lokaci? Abin da ba a sayarwa kenan, babu kamfanin da zai ci riba da shi, amma da aka ba masu ciwon baki shi suka sa gaba. Cikin sauran tambayoyin akwai yadda za a horar da likitocin unguwa su san abin yi, da me za a yi wa macen da aka yi wa aiki bai ci ba, da ko ya kamata a haɗa aikin fitsari da na zazzagowar mahaifa a yi su rana ɗaya.

Motsa tsoka: abin da aka tabbatar da abin da ya rage

Wani likitan mata a Amurka, Arnold Kegel, shi ya bayyana wannan motsi a 1948. Yadda ake yi, a gafarce ni da misalin, kamar mai riƙe tusa cikin mutane ne: ki tsuke ƙasanki, ki ja shi sama, ki riƙe ƴan daƙiƙu kina numfashi yadda kika saba, sannan ki saki gaba ɗaya. Ba a matse ciki, ba a matse cinya, kuma ba a mai da shi al'ada a tsakiyar yin fitsari. Shawarar hukumar lafiya ta Ingila ita ce aƙalla sau 8 a jere, sau 3 a yini, na wata 3 kafin a ce ya yi ko bai yi ba. Ana iya yi a zaune ana tsintar shinkafa, babu mai sani.

Yana aiki kuwa? A 2018 masana na ƙungiyar Cochrane suka tattara gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashe dabam-dabam. Cikin mata masu kubcewar yunƙuri da aka koya wa motsin, 56 cikin 100 suka ce sun warke. Cikin waɗanda ba a yi wa komai ba, 6 ne kawai. Magunguna kaɗan ne ke da irin wannan tazara.

Amma akwai inda gizo ke saƙa. Yawancin matan nan ƙwararrun ma'aikatan motsa jiki ne suka koya musu, irin waɗanda muke kira kine, kuma an duba an tabbatar tsokar da ake so ita suke matsewa. Wani ɗan bincike a Amurka a 1991 ya nuna in da baki kawai aka yi bayani, kusan mace 1 cikin 4 nishi take yi ƙasa maimakon ta ja sama, abin da ke iya ƙara ɓarna. Mu kuwa kine ɗinmu ƙalilan ne, suna manyan garuruwa. Matar ƙauye a Dakoro ko Mirriya ko Madawa ina za ta gan su?

Nan ne bincike biyu suka ja hankalina. A Kanada, a 2020, an raba mata 362 masu shekara 60 zuwa sama: wasu ana koya musu ɗaya bayan ɗaya, wasu a rukunin mutum takwas, mako 12. Bayan shekara guda sakamakon rukuni bai gaza na ɗaiɗai ba. Na biyun ya fi kusa da mu. A ƙauyukan Bangaladash, a binciken da aka wallafa a 2019, an tara dattawan mata suna motsin tare, sai zubar fitsarinsu ta ragu sosai fiye da ta ƙauyukan da aka yi wa wa'azin lafiya kawai. Yawancinsu ba su iya rubutu ba, sai masu binciken suka ba su ɗamara, duk lokacin da fitsari ya kubce mace ta ɗaura ƙyalle a jiki, a zo a ƙirga. Dabara dai ba ta ƙarewa.

Sannan a Birtaniya an gwada ƙara na'ura mai nuna wa mace ƙarfin matsinta a allo, kan mata 600. Sakamakon da ya fito a 2020 ya ce na'urar ba ta ƙara komai ba a kan koyarwa mai kyau. Wannan labari ne mai daɗi ga wanda ba shi da lantarki.

Tun 1991 da aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, mata ke haɗuwa kowane mako, wuri ɗaya, babu namiji, kuma sun amince da juna har suna ajiye kuɗinsu a akwati guda. Da ni ce mai raba kuɗin bincike, tambayar da zan fara sa wa ita ce: in aka horar da ungozomar asibitin CSI ta duba kowace mace sau ɗaya, sannan rukuni ya ci gaba da motsin minti goma bayan zubi, zai ba da abin da ya bayar a Kanada da Bangaladash? Akwai kuma tambayar bidon ruwa. An nuna cewa matse tsokar daidai lokacin da tari zai fito yana rage ɗigon. Ko hakan zai riƙe wa mai ɗaga lita 25 sau biyar a yini, wannan sai an gwada a kan mata masu irin aikinmu.

Rage ƙiba ma an gwada shi. A Amurka, a 2009, mata masu jiki da suka sauke kusan kashi 8 cikin 100 na nauyinsu sun ga kubcewar ta ragu da kusan rabi cikin wata shida.

Labarin ragar roba

In motsi bai wadatar ba, sai maganar aiki. A tsakiyar shekarun 1990 wani likita a Suwidin, Ulf Ulmsten, ya fito da dabarar zura siririn kirtanin raga na roba a ƙarƙashin hanyar fitsari ya tallafe ta. Aikin ba ya wuce kamar rabin awa, mace na iya komawa gida da wuri, kuma yawancin waɗanda aka yi wa sun bushe. Nan da nan ya game asibitocin Turai da Amurka.

Sai dai wasu matan sun fara dawowa da kuka: ciwon mara da cinya da ba ya jin magani, ragar ta ci nama ta ɓullo, kwanciyar aure ta gagara. Cire ta kuwa aiki ne mai wuya, don nama ya riga ya saƙe da ita. Shekaru suna faɗa ana ce musu ba komai. Sai da suka haɗa kansu suka yi ta ƙara, sannan a watan Yulin 2018 Ingila ta dakatar da aikin, kuma rahoton kwamitin Baroness Cumberlege na 2020 ya fito fili ya ce ba a saurari matan ba.

Ba wai ragar guba ce ga kowa ba, har yanzu ƙasashe da yawa suna amfani da ita. Abin da ya fito fili shi ne gwaje-gwajen farko sun bi mata na ɗan lokaci ne, kuma abin da suka fi ƙirgawa shi ne fitsari ya tsaya ko bai tsaya ba. Shi ya sa yau cikin manyan buƙatun bincike akwai bin mace shekara goma ko fiye bayan aiki, da rubuta sunan duk wadda aka sa wa wani abu a jiki don a iya nemo ta, da tambayarta ita kanta yadda take ji. An kuma koma ana sake auna tsofaffin hanyoyi: ɗinkin ɗaga wuyan mafitsara da John Burch ya bayyana a 1961, da yin kirtanin da jijiyar jikin macen kanta, da allurar da ke cika bangon hanyar fitsari. Allurar ta fi sauƙi amma ba ta daɗewa kamar aiki, sau da yawa sai an maimaita.

Ƙwayar sha fa? Guda ɗaya ce aka amince da ita a Turai tun 2004, sunanta duloxetine, kuma mata da yawa suna ajiye ta saboda tashin zuciya. Amurka ba ta ma amince da ita don wannan ciwo ba. An taɓa yin murna a 2007 lokacin da wasu likitoci a Ostiriya suka wallafa cewa sun warkar da mata da ƙwayoyin halittar tsokarsu, amma a 2008 mujallar Lancet ta janye rahoton saboda an sami ɓaraka a yadda aka yi gwajin. In masu dakin bincike ma suna zamewa haka, ki yi tunanin mai lasifika a kasuwa da ke cewa ƙullinsa ɗaya na matsi zai tsai da fitsari. Abin da ake cusawa ba ya ƙarfafa tsoka, sai dai ya ƙona fata ya jawo ƙaiƙayi.

Maza ma ba su tsira ba

Su ba haihuwa ke jawo musu ba, yawanci aikin furostat ne, wato ƙullutun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji wanda ke kumbura da tsufa ya hana fitsari fita. In an yi aikin don kumburi ne kawai, kaɗan ne ke zama da ɗigo na dindindin. In don ciwon daji aka cire shi ɗungum, abin ya fi yawa. Da yawa suna samun sauƙi cikin shekarar farko.

A nan bincike ya ba da mamaki. An zaci motsin da ke yi wa mata aiki zai yi wa maza, amma wani babban gwaji a Birtaniya a 2011 ya nuna bayan shekara guda babu bambanci tsakanin mazan da aka ba horo na musamman bayan aiki da waɗanda aka ba shawara kawai. Shi ya sa ake ci gaba da tambayar ko tun kafin aiki ya kamata a fara, da kuma yadda likita zai yi fiɗar ba tare da ya raunata zoben tsokar ba. Ga wanda abin ya yi tsanani akwai zoben roba mai ɗan famfo da ake dasawa a jiki, wanda aka ƙirƙiro a farkon shekarun 1970. A 2021 aka kwatanta shi da kirtani a kan maza 380: duka sun rage zuba, amma masu zoben sun fi gamsuwa kuma ba a cika maimaita musu aiki ba. Tsadarsa ta fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba.

Me ya kawo maganar maza a jaridar mata? Ai mu ke wanke wandon da tabarmar. Kuma dattijo zai daina zuwa masallaci da majalisa shekara guda kafin ya buɗe baki ya faɗa wa ɗansa dalili.

An ɗinke, amma ba a bushe ba

Akwai tambaya ɗaya da ba ta shiga goman Ingila ba, don su yoyon fitsari na haihuwa ya zama tarihi a wajensu. Mu kuwa tamu ce. Mace za ta je Danja kusa da Maraɗi, inda aka buɗe asibitin yoyon fitsari a 2012, ko cibiyar ƙasa a Yamai, ko ta tsallaka Babbar Ruga a Katsina. A yi aiki, likita ya zuba ruwan shuɗi ya duba, huda ta rufe. Amma da ta miƙe tsaye sai fitsari ya biyo ƙafa ta hanyarsa ta asali, don doguwar naƙudar ta lalata hanyar fitsarin da zoben da ke tsuke ta. A takarda an rubuta ta warke. A gidan miji kuwa babu wanda zai yarda.

Ba ƴan kaɗan ba ne. Likita Andrew Browning, da ya yi aiki a Bahir Dar ta ƙasar Habasha, ya wallafa a 2006 cewa kusan 1 cikin 3 na matan da hudarsu ta rufe sun bar asibiti suna ɗiga. Ragar roba ba ta dace da su ba, don naman wurin duk tabo ne. Likitocin yoyon fitsari sun gwada yin kirtani da tsokar macen kanta, sun gwada ɗan toshi da mace ke sawa a bakin hanyar fitsari ta cire in za ta yi. Wace hanya ta fi, ga wace mace, kuma yaya take bayan shekara biyar a ƙauye, waɗannan su ne tambayoyin da ba su sami irin manyan gwaje-gwajen da aka yi wa ragar roba ba. A ganina babu tambayar da ta fi wannan gaggawa a yankinmu.

Ko ma'aunin warkewa ma abin dubawa ne. Masu bincike suna auna nauyin audugar da mace ta jiƙa, ko su ba ta takarda ta rubuta. Matarmu tsumma take ƙunzugu da shi, kuma in ka tambaye ta abin da take nema, alwalar azahar ta kai ta la'asar take so, ta shiga mota ta je kasuwar ƙauye ba ta tsoron wari, ta zauna gidan biki har a watse. Game da salla, a mazhabar Malikiyya akwai sassauci ga mai irin wannan larura, malamai na kiranta salas, kuma hukuncin ya danganta da yawan lokacin da abin ke zuwa. Malamar Islamiyya za ta yi bayani dalla-dalla. Kada wata ta ajiye salla don kunyar tambaya.

In za a je likita

Kuskuren da aka fi yi shi ne rage shan ruwa. A zafin Afrilu wannan haɗari ne, kuma fitsarin da ya yi kauri ya fi damun mafitsara, ya fi wari. A sha ruwa yadda aka saba, a rage shayi mai ƙarfi da kofi, a nemi maganin tari da taurin bayan gida.

In akwai jini a fitsari, ko zafi da zazzaɓi, ko ana jin wani abu na leƙowa ta gaba, ko fitsarin na zuba ba tsayawa tun bayan wata haihuwa mai wuya ko wani aiki, wannan ba na jira ba ne. In kuwa na tari da dariya ne, kafin ki tafi ki lura da kanki kwana uku: sau nawa ya kubce, me kike yi lokacin, ɗigo ne ko har zane ya jiƙe. Ki ɗaure ƙulli a bakin kallabi in ƙirgar za ta ɓace miki. Ki je da ɗan fitsari a mara, kada ki zubar a ƙofar asibiti, don mai dubawa za ta ce ki yi tari ta ga ko zai fito. Sannan ki roƙe ta ta duba ta gaya miki ko tsokar da kike matsewa ita ce, kuma sama kike ja ko ƙasa kike turawa.